Lotsawa, Karcewa da Tsagewa: Sunayen Lahani a Ingilishi da Hausa



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau kalmomin da ake kiran lahanin da ya sami jikin kaya da su, kamar mota ko kwano ko tukunya. Mai yiwuwa wani ya ce wannan bai isa a tara mutane dominsa ba. To, bari in fara da labarin da ya jawo hankalina gare shi.

Wani ɗan'uwana, manomi a ƙasar Roni, ya sayar da amfanin gonarsa da shanu biyu, ya ba da kuɗi a sayo masa tsohuwar mota daga Ikko don ya riƙa jigila tsakanin Roni da Kazaure da Kano. Aka aiko masa da takardar bayanin motar da Ingilishi, a ciki an rubuta cewa akwai “dent” a ƙofa, da “scuffs” a baya. Wanda ya karanta masa ya ce, “Ai ɗan kwarzane ne kawai.” Da mota ta iso sai ga ƙofa ta lotse, ƙarfen ya karye a tsakiya, tsatsa har ta fara kama shi. Mai sayarwa ya ce shi bai ɓoye kome ba, ga shi a rubuce. Mai karatu ya ce shi iyakar abin da ya sani ke nan. Kuɗin gyara kuwa a kan manomi ya faɗa. Kalma guda aka yi wa fassarar ganin dama, ta cinye masa buhunan gero.

Da farko ya kamata mu san dalilin da ya sa Ingilishi ya tara kalmomi masu yawa a kan abu guda. Harshen ya yi ta aro ne daga duk waɗanda suka zauna ƙasar Ingila ko suka mallake ta. Kalmar “dent” tasu ce ta gado, asalinta a tsohon Ingilishi tana nufin duka ko bugu, daga baya ta koma nufin gurbin da bugun ya bari. “Scrape” daga mutanen arewacin Turai ta zo. “Gouge” aro ce daga Faransanci, harshen da ya kwararo cikin Ingilishi bayan da Nomawa suka ci Ingila cikin shekarar 1066, asalinta kuwa sunan wani ƙarfen sassaƙa ne mai baki kamar cokali. “Abrasion” da “fracture”, waɗanda likitoci da injiniyoyi suka fi so, tushensu Latin ne. Yawan nan ne ya sa wani likita, Peter Mark Roget, ya buga littafinsa cikin 1852, inda ya kasa kalmomin Ingilishi rukuni dubu, kowace tare da danginta masu kusancin ma'ana. Amma fa kusanci ba ya mai da su abu ɗaya. Ɗalibin da ya buɗe irin wannan littafi ya ɗauki duk wadda ta yi masa daɗin ji, zai yi ɓarna.

Ni a ganina hanya mafi sauƙi ta warware su ita ce a tambayi abin da ya sami jikin kayan. Amsar ba ta wuce uku: ko an tura shi ciki, ko an ɗebe wani abu daga gare shi, ko kuwa ya rabe.

Kashi na farko shi ne na turawa ciki, ba tare da an rasa kome ba. Babbar kalmarsa ita ce “dent”. Idan gurbin ƙarami ne ainun, kamar wanda ƙofar wata mota ko tsakuwa ke bari, sai su ce “ding”. Idan ƙarfen ya naɗe ya yi layi mai kaifi, sai su ce “crease”. Idan kuwa duk ya yamutse, sai su ce “crumple”. Mu a Hausa muna da loɓawa da lotsawa da mokaɗewa da yamutsewa. Duk mai gyaran jikin mota a bakin hanyar Kano zuwa Daura zai gaya muku bambancin da ke tsakani, gama da shi yake yanke kuɗin aiki. Ƙarfen da ya loɓa kawai ana iya turo shi daga ciki ya koma daidai. Wanda ya karye ya yi layi kuwa ya riga ya miƙe ya wuce asalinsa, sai an buga, an cike, an goge, an sake fenti.

Kashi na biyu shi ne na ɗebewa. A nan zurfi ne ma'auni. Fentin mota hawa uku ne, akwai na ƙasa mai riƙe ƙarfe, da mai launi, da na sama mai sheƙi, kaurinsu duka bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. “Scuff” gogewa ce a sama sama, wadda man gogewa kan share. “Scratch” layi ne na abu mai tsini, yana iya tsayawa a fenti, yana iya kaiwa ƙarfe, in ya kai kuwa damina ɗaya ta isa tsatsa ta shiga. “Scrape” ya fi faɗi, “gouge” ya fi zurfi, domin nama aka ƙwaƙule. “Nick” da “chip” ɗan gutsure ne, galibi a baki ko a gefe. Ga namu kuma: gogewa, ƙujewa, gurjewa, karcewa, kwarzanewa, kankarewa, ƙwaƙulewa, ɓantarewa, ɓalgacewa. Matan gida da ke jera langa da fanteka sun san kwanon da ya karce, sun san wanda fentinsa ya ɓalle har baƙin ƙarfe ya bayyana, ba kuwa kuɗi ɗaya dillaliya za ta saye su ba.

Kashi na uku shi ne na rabewa, inda suke da “crack” da “split” da “fracture”, mu kuma muke da tsagewa da darewa da fashewa. Gyartai ya san ƙwaryar da ta tsage tana ɗinkuwa, wadda ta farfashe kuwa sai a bar wa kaji sakaina. Kakanninmu ma sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da cewa suka yi sai bango ya karce, da maganar ba ta zauna ba.

To, a nan akwai wani bambanci na ginin harsunan biyu wanda ya kamata mai fassara ya lura da shi. Bature ya fi dogara ga suna, yakan ce akwai abu kaza a jikin ƙofa. Bahaushe ya fi dogara ga aikatau, yakan ce ƙofa ta yi kaza, sa'an nan ya sauya siffar aikatau ɗin don ya nuna girman abin. F. W. Parsons ya bayyana tsarin nan cikin 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Alal misali, in aka ce ƙofa ta lotsa, abin da sauƙi. In aka ce ta lotse, ya kai matuƙa. In aka ce ta lollotse, wuraren da yawa. Haka karce da kakkarce, tsage da tsattsage. Saboda haka abin da Ingilishi ke buƙatar sabuwar kalma dominsa, sau da yawa Hausa da wasali guda ko ninki take biyan bukatarsa. Wanda ya ce Hausa ba ta da kalmomi, yawanci ya nemi suna ne a inda aikatau ke zaune.

Kada a yi tsammanin cewa auna lahani da suna baƙon abu ne gare mu. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya san yadda malaman fiƙihu suka bai wa raunuka sunaye gwargwadon zurfinsu, kowane da diyyarsa. Raunin kai da ya bayyana ƙashi, watau mudiha, raƙuma 5 ne. Wanda ya gusar da ƙashin, watau munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, watau ma'amuma, sulusin diyya ne. Alƙalin da ya musanya suna da suna ya danne hakkin raƙuma goma. Haka kuma a babin ciniki, mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Yau kuwa rahoton haɗari na jami'an duba motoci, da takardun kamfanonin inshora, da bayanin kayan da ake sayowa ta intanet, duk da Ingilishi ake rubuta su, mutumin Gwiwa ko Ɓaɓura kuwa ta bakin tafinta yake jin su.

Mene ne ƙamusoshinmu suka tanada? G. P. Bargery ya buga nasa cikin 1934 da kalmomi kimanin 39,000. R. C. Abraham ya biyo baya cikin 1949, Neil Skinner ya fitar da na Turanci da Hausa cikin 1965, Roxana Ma Newman ta fitar da nata cikin 1990, Jami'ar Bayero kuma ta buga Ƙamusun Hausa cikin 2006. Aiki ne babba, mun gode musu. Sai dai ƙamus bisa jerin baƙaƙe yake tafiya, ƙujewa tana wani shafi, gurjewa tana wani, babu inda aka jera su kusa da juna daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, balle a ɗora su a kan na Ingilishi.

Saboda haka ina da roƙo ga ɗalibanmu, musamman masu koyon aikin injiniya da masu nazarin harshe. Ku ɗauki littafi da alƙalami ku je wurin maƙera da magina tukwane da gyartai da masu walda da masu fenti a kasuwannin Roni da Kazaure da Gwiwa da Ɓaɓura. Ku nuna musu kayan da ya sami lahani, ku tambaye su sunan abin, da yadda ake gyaransa, da abin da yake ragewa a kuɗin kayan. Ku rubuta yadda suka faɗa, kada ku gyara musu. Roba ta kusa korar ƙwarya da akushi daga gidajenmu, in sana'a ta tafi kuwa da kalmominta take tafiya. Masu fassara a kotu da ofis su kuma, in kalma ta shige muku duhu, ku nemi a nuna muku kayan ko hotonsa kafin ku buɗe baki, gama da an yi wa ɗan'uwana haka, da shanunsa ba su tafi a banza ba.