MASANIN KIMIYYA A MASANA'ANTAR SARRAFA HALITTU



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayanin halin da masanin kimiyya yakan sami kansa a ciki idan ya bar ɗakin binciken jami'a ya kama aiki a masana'antar sarrafa halittu. Abin da ake nufi da wannan masana'anta shi ne kamfanonin da suke amfani da ƙananan halittu masu rai, kamar bakteriya da yis, ko kuwa sinadarin gado da ake kira DNA, domin su fitar da magani ko allurar rigakafi ko irin shuka da za a kai kasuwa. Asalin hikimar tsohuwa ce, gama mai daddawa da mai kindirmo da irin waɗannan halittu suke aiki, ko da yake ba sa ganinsu. Amma sana'ar da ake magana a kanta yau a Amurka ta kankama.

Cikin 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna cewa ana iya yanko guntun DNA daga wata halitta a dasa shi cikin bakteriya, ya ci gaba da aiki. Cikin 1976 Boyer ya haɗa kai da wani matashin mai zuba jari, Robert Swanson, suka kafa kamfanin Genentech a jihar Kalifoniya. Cikin 1978 kamfanin ya sa bakteriya ta yi sinadarin insulin irin na ɗan Adam, wanda masu ciwon sukari suke bukata, alhali a da daga jikin shanu da aladu ake samo shi. Cikin 1982 aka amince a sayar da shi. Ranar da Genentech ya soma sayar da hannun jari, cikin 1980, farashin ya tashi daga dala 35 ya haura dala 80.

Irin wannan labari ne yake jawo matasa. To, amma akwai abin da ya kamata su sani tun da wuri: a wannan sana'a yawancin ayyuka mutuwa suke yi, kamfanoni da yawa kuma ba sa kai labari. Abin da masani zai fita da shi bai wuce abu uku ba, watau gwanintar hannunsa, da sunansa na gaskiya, da abin da aka rubuta masa a takardar yarjejeniya. A kan waɗannan ya kamata ya gina rayuwarsa ta aiki.

Bambancin Jami'a da Kamfani

A jami'a, idan malami ya gano wani abu sabo ya buga shi a mujallar masana, to aikinsa ya biya. A kamfani kuwa wannan mafari ne kurum. Sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya isa hannun maras lafiya, kuma cikin magunguna goma da aka soma gwadawa a kan mutane, kimanin tara ba sa samun izinin shiga kasuwa. Saboda haka mutum yana iya yin aiki har ya yi furfura bai ga maganin da ya sa wa hannu a kantin magani ba, kuma ba don ya gaza ba.

Shawara ta farko da ke fitowa daga nan ita ce kada masani ya ɗauki aikin da aka ba shi tamkar ɗan da ya haifa. Gwajin da zai iya nuna cewa aikin ba shi da makoma, shi ya kamata a fara yi, domin kuskuren da aka gano a ɗakin bincike da araha ake biyansa, wanda kuwa aka gano bayan an ɗura wa dubban mutane magani yana iya cinye dukiya da rayuka. Tun ran gini, ran zane.

Ta biyu, kafin ya karɓi aiki sai ya tambaya: kuɗin da ke hannun kamfani wata nawa zai kai shi, kuma kaya nawa yake ƙoƙarin fitarwa? Kamfanin Cetus, wanda yana cikin na farko a wannan fage, ya ɗora ƙarfinsa a kan maganin ciwon daji guda, mai suna interleukin-2. Cikin 1990 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ba ta ba shi izini ba, cikin 1991 kuma kamfanin Chiron ya haɗiye Cetus. Maganin ya sami izini cikin 1992, lokacin da babu sauran kamfanin da ya haife shi. Ke nan ko magani mai kyau ne, idan kuɗi ya riga shi ƙarewa, ma'aikata ne za su kwana a ciki.

Takardar Yarjejeniya

A wannan kamfani na Cetus ne Kary Mullis ya ƙago, cikin 1983, hanyar da ake kira PCR, wadda take ninka ɗan ƙanƙanin DNA sau miliyoyi cikin 'yan sa'o'i. Da ita aka yi ta gwajin cutar korona a duniya duka daga 2020. Kamfanin ya ba Mullis tukwicin dala 10,000. Daga baya ya sayar wa kamfanin Hoffmann-La Roche haƙƙin mallakar wannan hanya a kan dala miliyan 300. Mullis ya sami lambar Nobel cikin 1993, amma ba shi da rabo a cinikin.

Babu wata doka da aka karya a nan. Bisa al'adar sana'ar, ma'aikaci yakan sa hannu tun ranar farko cewa duk abin da ya ƙago da kayan kamfani, cikin lokacin kamfani, na kamfani ne. Don haka wajibi ne ya karanta takardar a tsanake, in da hali ya kai wa lauya, kuma ya nemi amsar tambayoyi kamar haka. Shin za a sa sunansa a takardar mallakar ƙirƙira? Shin an yarda ya buga sakamakonsa a mujalla bayan an yi rajista? In ya bar aiki, me aka hana shi ɗauka, kuma ina aka hana shi zuwa? Idan an yi masa alkawarin hannun jari a madadin wani ɓangare na albashi, sai ya tuna cewa hannun jarin ƙaramin kamfani yana iya zama dukiya, yana kuma iya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Har ila yau ya kamata ya koyi riƙe baki. Takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da nema, kuma a yawancin ƙasashe idan an bayyana ƙirƙira a bainar jama'a kafin a shigar, to haƙƙin ya faɗi. Malamin da ya saba da shelar sakamakonsa a taron masana yana iya jawo wa kamfani hasarar aikin shekaru da jawabin minti goma.

Rubutu da Gaskiya

Jarin masani na biyu shi ne a san cewa abin da ya rubuta a littafin gwajinsa haka ya faru. Cikin 2012 aka ba da labarin cewa masana a kamfanin Amgen sun sake gwada manyan binciken ciwon daji guda 53 da aka riga aka buga, amma 6 kaɗai suka tabbata. Wannan ne ya sa kamfani yake daraja mutumin da wani zai ɗauki littafinsa ya bi, ya sami abin da ya samu. Kwanan wata, da lambar kowane sinadari, da gwajin da ya yi nasara da wanda ya watse, duk sai an rubuta su a lokacin da ake yi, domin watarana mai binciken hukuma ko alƙali ne zai buɗe littafin.

Wani lokaci kuma matsin daga sama yake zuwa. Kamfanin Theranos, wanda Elizabeth Holmes ta kafa cikin 2003, ya yi da'awar cewa na'urarsa tana yin gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini kaɗan daga yatsa, har aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 9. Na'urar ba ta iya abin da aka ce ba, kuma da sakamakonta ake gaya wa mutane halin lafiyarsu. Waɗanda suka taimaka wajen tona asirin har da ƙananan ma'aikata biyu, Erika Cheung da Tyler Shultz, waɗanda ba su daɗe da gama jami'a ba. Sun ajiye aiki, sun kai ƙara ga hukuma, sun kuma sha barazanar lauyoyi. Kamfanin ya rushe cikin 2018, cikin 2022 kuma kotu ta sami Holmes da laifin zamba ta ɗaure ta fiye da shekara 11. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk ma'aikacin da aka umarta ya goge sakamakon da bai yi wa shugabanni daɗi ba, to ya rubuta ƙin amincewarsa, ya ajiye shaida, ya soma neman wani wurin, gama ana samun sabon aiki amma da wuya a wanke sunan da ya ɓaci.

Sanin Aiki Daga Tushe Har Kasuwa

Cikin 1994 kamfanin Calgene ya fitar da tumatirin Flavr Savr, wanda aka sarrafa don ya jima bai ruɓe ba. Ta fuskar kimiyya an ci nasara. Amma irin da aka zaɓa bai da yabanya sosai, 'ya'yan kuma sukan farfashe wajen tsinka da sufuri, kuɗin da ake kashewa ya fi wanda ake samu. Cikin 1997 aka daina nomansa. Masanan sun san DNA, ba su san sana'ar tumatir ba.

A kwatanta wannan da waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa. Matsalar daga gona aka ɗauko ta, watau tsutsar Maruka mai cin fure da kwanson wake. Masana a Ostareliya suka dasa wa wake ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa mai kashe tsutsar, Gidauniyar Fasahar Aikin Gona ta Afirka da ke Nairobi ta shirya batun izinin mallaka, masanan Samaru kuma suka haɗa shi da irin da manoma suka saba da shi. An soma gwajin gona cikin 2009, an sami izinin hukuma cikin 2019, iri ya isa hannun manoma cikin 2021. Manomin da yake feshi sau shida zuwa takwas yana iya tsayawa a kan biyu. Wannan tafiya ta fi shekara goma, kuma ta bukaci masanin iri, da masanin ƙwari, da lauya, da kamfanin iri, da malamin gona.

Darasin da ke nan shi ne kada matashi ya zaci ɗakin gwaji ne kaɗai wurin masani. Akwai sashen sarrafa kaya da yawa, da sashen tabbatar da inganci, da masu shirya takardun neman izini, da masu nazarin alƙaluma da kwamfuta. Waɗannan gwanintar ba sa mutuwa idan aiki guda ya mutu. Ma'aikatan gwamnati ma suna da hannu a ciki, domin hukumomi kamar NAFDAC, da NBMA wadda aka kafa cikin 2015 don sa ido kan halittun da aka sarrafa, ba za su iya ce wa kamfani i ko a'a bisa hujja ba sai suna da masanan da za su karanta bayanansa su gane inda ya gaza.

Haƙuri da Sauya Wuri

Mai yiwuwa wani ya ce, ai akwai waɗanda suka nace wa abu guda har suka ci riba. Gaskiya ne. Katalin Karikó ta bar ƙasar Hungari cikin 1985 bayan kuɗin bincikenta ya yanke. A Jami'ar Pennsylvania an rage mata matsayi cikin 1995 saboda ta kasa samo tallafin aikinta a kan sinadarin mRNA. Cikin 2005 ita da Drew Weissman suka nuna yadda za a gyara shi don kada jiki ya yi masa bore, amma kaɗan ne suka kula. Cikin 2013 ta koma kamfanin BioNTech a Jamus, wanda ya fitar da rigakafin korona tare da Pfizer cikin 2020, kuma cikin 2023 su biyun suka sami lambar Nobel.

Sai dai a lura da abin da ta riƙe da abin da ta saki. Ta saki ƙasa, ta saki matsayi, ta saki jami'a. Abin da ba ta saki ba shi ne gwaninta guda da ta ƙware a kai, kuma sakamakon gwaji yana goyon bayanta. Da ta ga inda take ba a bukatar wannan gwaninta, sai ta kai ta inda ake bukata. Naci ba tare da hujja ba taurin kai ne kawai.

Kammalawa

A taƙaice, ɗalibin da yake hangen wannan sana'a ya zaɓi hanyar aiki guda ya iya ta da hannunsa sosai, ya ƙara da ilimin alƙaluma da iya rubuta rahoto mai ma'ana. Ya binciki ƙarfin kamfani kafin ya shiga, ya karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya tsare littafin gwajinsa daga ƙari ko ragi, ya kuma san manomi ko maras lafiyan da ake yi dominsa. Ya riƙe zumunci da abokan aiki, gama a sana'ar da kamfanoni suke tashi suna faɗuwa, wanda ya ga aikin mutum jiya shi ne zai kira shi gobe. Wanda ya tanadi waɗannan, ranar da aka rufe aikinsa zai ji zafi, amma ba zai rasa abin yi ba.