ZAWO DA AMAI A HANYA: Jawabi ga Maniyyata da Sauran Matafiya

 

Jawabinmu na yau ya taso ne daga wata tambaya da wani dattijo na ƙasar Taura ya yi wa malamin asibitin garinsu. Ya ce bara ya tafi ɗaurin aure, aka kwana biyu ana ci ana sha. Daren da ya komo gida sai amai ya tsinke masa, zawo ya biyo baya, da murɗar ciki. Matarsa ta yi jinyarsa, ita ma ta kwanta, sa'an nan jikokinsa biyu. Allah ya sa duka suka tashi. To, bana ya sami kujerar Makka. Abin da ya ke so ya sani shi ne, tun da ya taɓa yin ciwon nan, ya rabu da shi ke nan kamar yadda mai ƙyanda ba ya sakewa, ko kuwa ya iya tarad da shi a hanya?

Malam mai sauraro, watakila kai ma maniyyaci ne, ko kuwa tsohonka ne za shi. To, kasa kunne. Amsar ita ce bai rabu da shi ba.

Ƙwayoyin cuta masu sa zawo iri iri ne. Amma wanda ke faɗo wa mutum farat ɗaya da amai mai ƙarfi, ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya wuce cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa aikin wata ƙwaya ce da likitoci ke kira norobairas. Ta samo sunanta daga wani gari, Norwalk, a jihar Ohayo ta Amurka, inda a 1968 ta kwantar da wajen rabin yara da malaman wata makarantar firamare. Sai a 1972 wani likita, Albert Kapikian, ya iya ganinta da wani irin madubi mai ƙarfin gaske, domin madubin likita da ka saba gani a asibiti bai isa ya nuna ta ba. Don ƙanƙantarta, ɗigo ɗaya na kashin mai ciwo yana ɗauke da miliyoyinta, alhali kuwa abin da bai kai 100 ba ya isa ya kayar da ƙato. In ta shiga cikinka ba ta nuna kanta nan take. Sai bayan awa 12 zuwa 48 ka ji zuciya tana tashi.

A ƙasashen Turawa har ana yi mata laƙabi da ciwon jirgin ruwa. Suna da waɗansu manyan jirage na yawon shan iska, kowane kamar unguwa guda, mutum dubu biyu ko fiye su yi mako a ciki, suna ci wuri ɗaya, suna dafa ƙarfen matakala ɗaya. Mutum guda ya shiga da ita, kafin jirgi ya komo gaɓa ɗaruruwa sun kwanta. Amma kada ka ɗora wa jirgi laifi. A lissafin hukumar lafiya ta Amurka, cikin ɓarkewar ciwon nan 100 da a ke ba da rahoto, wajen 1 tak ke faruwa a jirgin ruwa. Sauran a gidajen tsofaffi ne, da asibitoci, da makarantu, da wuraren sayar da abinci. Abin da ƙwayar ke so taro ne: mutane da yawa, makewayi kaɗan, abinci ɗaya.

Kakanninmu sun san jirgin ruwa. Su kan bi ta Barno da Wadai da Darfur, wani shekara biyu wani fiye, har su kai Suwakin a bakin Bahar Maliya, a tsare su can a duba lafiyarsu kafin su haye zuwa Jidda. Kai kuwa za ka tashi daga Dutse ko Kano, cikin 'yan awoyi ka sauka. Hanya ta gajarce, amma taro ya ƙaru. A hajjin 2023 mutum sun haura miliyan 1 da dubu 800. Ka tuna da sansanin alhazai inda za ka kwana kana jiran jirgi, da makewayin cikin jirgin, da masaukin Madina da na Makka, da tantin Mina inda katifa ke gogar katifa, ga layin banɗaki tun kafin asuba. Ai wannan ya fi kowane jirgin ruwa cika.

To, me ya sa wanda ya yi bara zai sake yi bana? Dalili biyu ne. Na fari, ƙwayar ba iri ɗaya ba ce, dangi gare ta da yawa, kuma tana sake kama daga lokaci zuwa lokaci. Jikinka ya gane wadda ta kama ka a gidan biki, amma wadda alhajin wata ƙasa zai zo da ita baƙuwa ce gare shi. Na biyu, ko ga wadda ka taɓa yi, kariyar ba ta dawwama kamar ta ƙyanda, tana dushewa. Shi ya sa mutum ya kan yi ciwon nan sau da dama a rayuwarsa. Akan sami wanda kowa ya kwanta a gida shi bai kwanta ba, har ya riƙa cewa cikinsa na ƙarfe ne. Gaskiya ne akwai masu halittar da wani irin ƙwayar ba ya kama su, amma wani irin ya kama su sarai. Allurar rigakafi kuma babu tukuna. Ɗigon da a ke yi wa jarirai a baki, wanda aka shigar cikin rigakafin yara a Nijeriya a 2022, na wata ƙwaya ce dabam mai suna rota. Ka kai jaririnka a yi masa, amma ba ya tsare wannan.

Akwai wani abu da dattijon nan bai tambaya ba, shi ne kuwa ya fi muhimmanci. Wanda ya warke bai gama zubar da ƙwayar ba. Kwana biyu na farko bayan zawo ya tsaya su ne mafi hatsari, kuma tana iya ci gaba da fita cikin bayan gidansa har mako biyu ko fiye, shi kuwa yana jin garau. Saboda haka in ciwon ya same ka ana sauran 'yan kwanaki ku tashi, kada ka ɓoye. Na san abin da ke sa a ɓoye. Mutum ya sayar da shanu, ya yi shekaru yana tari, yana tsoron kada a ce ya tsaya. Amma ciwon na kwana biyu ne zuwa uku, kuma maniyyatan jiha ba jirgi ɗaya ke kwashe su ba. Gaya wa malaman lafiya na alhazai, su za su san yadda za a yi. Ya fi ka shiga jirgi kana amai, ka sauka a galabaice, ka bar mutum talatin da abin da za su yi ɗawafi da shi. In kuwa ka riga ka warke, to, har kwana biyu bayan haka kada ka dafa wa kowa, kada ka raba abinci, kada ka ɓara goro ka miƙa. Wannan ya shafi hajiya ƙwarai, domin ita a kan bar wa tukunya a masauki.

Yanzu sai maganar hannu, gama ta nan ƙwayar ta fi bi. Za ka ce, ai ni sau biyar na ke alwala kullum. Madalla. Amma ruwa kaɗai ba ya fid da ita sosai daga hannun da ya yi tsarki, sai da sabulu. Ka duba kuma butar da ka ɗauka a banɗakin taro: hannu nawa ya riƙe ta kafin naka? Haka kan famfo, haka mariƙin ƙofa. Ƙwayar tana iya zama a kansu kwana da kwanaki ba ta mutu ba. Don haka in ka fito, kafin ka fara alwala, cuɗa hannu biyu da sabulu, ciki da baya, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, gwargwadon ka ƙirga 20 a hankali, sa'an nan ka ɗauraye da ruwa mai zuba. Ka sake kafin ka ci abinci, ka sake bayan ka taimaki marar lafiya. Yanke farce tun kafin ka ɗaura harami. Da ya ke mai harami yana nisantar ƙamshi, sayi sabulu marar turare tun daga gida, ka yanka ƙanana, ka sa ɗaya a jakar da ba ka rabuwa da ita. Kada ka bar shi cikin babban akwati a Makka ka tafi Mina hannu wofi.

Ruwan nan mai kamar man shafawa da aka saba da shi lokacin korona a 2020, wanda a ke murzawa a hannu ya bushe, yana da amfaninsa ga waɗansu cututtuka. Amma ga wannan ƙwaya ƙarfinsa kaɗan ne, bai maye gurbin sabulu ba.

Wata al'ada tamu kuma ina roƙo a bar ta a wannan tafiya, kai, har a gida ma. Ita ce a kawo ruwa a kwano ɗaya mutum goma su tsoma hannu bi da bi. Na ƙarshe ba wanke hannu ya yi ba, wankin tara ya shafa. A zuba wa kowa daga buta. Ka riƙe kofinka da cokalinka. Ci abinci da zafinsa, domin ɗumi-ɗumi ba ya kashe ta. Ɗanyen ganye da ba ka san wanda ya yanka ba, bar shi. Lemo da ayaba ka ɓare da kanka. Ruwa kuwa na gora mai hatimi, ko na famfon da aka tanada don sha. In kana shakka, tafasa shi.

In wani ya yi amai a ɗaki ko a tanti, kada jama'a su taru a kansa suna sannu. Amai yana fantsama, tururinsa mai ɗauke da ƙwayar ya sauka kan tabarma da abinci da leɓen na kusa. Mutum ɗaya ya tsaya, sauran su ja da baya. Abincin da ke buɗe a wurin a zubar. Mai gyara ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu ko leda, ya rufe aman da tsumma ko takarda ya kwashe, ya ƙulle a leda. Sa'an nan ya jiƙa wurin da ruwan bilic irin na wankin fararen kaya, awo 1 cikin awo 6 na ruwa, ya bar shi minti 5 kafin ya goge. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki. Tufafin da suka ɓaci kada a kakkaɓe su, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana.

To, in duk da haka ta kama ka fa? Kada ka ruga ga kafso ja da rawaya ko filajil. Ba su taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan, ɓarnar kuɗi ce. Abin da ke kisa a ciwon nan ƙarewar ruwan jiki ne, musamman ga tsoho da ƙaramin yaro, balle a zafin Arfa. Maganinsa ruwan gishiri da sukari, wanda a ke bayarwa a ƙunshi a asibiti. Karɓi ƙunshi biyar ko shida kafin ka tashi. Ƙunshi ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwan sha biyu. In babu, zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1. Kada ka ƙara gishiri don ka ga ya yi ƙarfi. Sha kurɓi kurɓi. In ka amayar, jira minti 10 ka ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Da ka ji za ka iya, sha kunu ko koko, kada ka zauna da yunwa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono.

Amma akwai inda ba a jira. In fitsari ya ɗauke, ko ido ya faɗa, ko mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi, ko ya fara sambatu, ko kome ya sha sai ya dawo, ko aka ga jini a bayan gida, ko kwana uku suka wuce ba sauƙi, a kai shi ga likita nan da nan. Mai ciwon sukari da mai shan maganin hawan jini kada ma su jira wannan, su nemi likita tun ranar farko. In kuma zawon ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba ƙaƙƙautawa, a yi zaton kwalara. Mutanen Jigawa ba su manta da 2021 ba. Kwalara ta kan kashe cikin awoyi, ba a kwana da ita a gida.

Kai da ba za ka Makka bana ba, kada ka ce ba da kai a ke ba. Ranar kasuwar Gujungu, da gidan biki, da makarantar kwana, da motar Legas mai kwana a hanya, duka taro ne, kuma sabulun ɗaya ne.

Sai ranar komowa. Alhaji ya sauka, gari ya ɗauka, gida ya cika da masu barka da zuwa, ana musafaha, ana miƙa dabino, ana zagayawa da zamzam a ƙaramin kofi ɗaya. In ka yi zawo a makon ƙarshe na tafiyarka, bar wani mai lafiya ya wanke hannu ya raba dabinon. Zamzam kuma a tsiyaya wa kowa a nasa kofi, jikoki su zo da nasu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan zafin rana da yadda tsoho zai yi da shi a Mina da Arfa. Mu kwana lafiya.