JAWABI A TARON MAKIYAYA DA FATAKEN SHANU: RANAR DA AKA ZO ƘIDAYAR AWAKI

 

Kullum in muka yi kukan kuɗin da ake karɓa a hannunmu ba takarda, sai wani ya ce ai mu a warwatse muke cikin daji, wa zai ja mu? To, ku saurari wani labari daga ƙasar Ibo, inda wasunku ke kai shanu kasuwar Lokpanta.

A can, a wancan zamanin, yawancin garuruwa ba su da sarki. Turawan Ingila suka riƙa zaɓen mutum su ba shi takarda da hula, su ce shi ne sarki. A 1928 aka aza wa maza haraji. A 1929 kuɗin manja ya faɗi, ga shi da shi mata ke ciyar da gida. Ana cikin haka, a watan Nuwamba, sarkin takarda na Oloko, Okugo, ya aiki mutum ya ƙidaya mutane da dabbobi. Mu da muka san jangali mun san abin da ke biyo bayan ƙidaya. Ɗan aiken ya shiga gidan wata mata, Nwanyeruwa, ya ce ta ƙirga awakinta da tumakinta. Ta tambaye shi ko an taɓa ƙirga uwarsa. Suka kaure da kokawa.

Ba shugaba, ba rediyo. Ganyen kwakwar manja suka riƙa aikawa daga kasuwa zuwa kasuwa, wadda ta karɓa ta miƙa gaba. Dubban mata suka taru. Dama suna da al'ada, in namiji ya ci zalin mace sai su yi masa zaman dirshan a ƙofar gida, da waƙar zambo da taɓare, har ya tuba. Ita suka yi wa Okugo. Suka ƙi tashi sai da Bature ya miƙa musu hularsa, aka ɗaure shi shekara 2.

Amma kada mu ɓoye ɗaya gefen. Da abin ya bazu zuwa Aba da Opobo, aka farfasa kotuna, aka wawashe kantunan Turawa, ba mai cewa ya isa haka. A Disamba sojoji suka buɗe wuta. Mata fiye da 50 suka mutu, aka ci ƙauyuka tara. A Oloko kuwa, inda suka tsayar da mata uku masu magana da yawunsu, Ikonnia da Nwannedia da Nwugo, an fi samun natsuwa. A ganinmu wannan ne wurin dubawa. Taro ba shugaba yana da wuyar saye da wuyar kamu, amma ranar zama da hukuma dole a san bakin da zai yi magana, a kuma san abin da ake nema. Su sun san nasu, kada a aza wa mata haraji, kuma a kawar da sarakunan takarda. Bayan binciken 1930 ba a aza harajin ba, tsarin sarakunan kuma aka sake shi.

Saboda haka muna roƙo, duk wanda aka karɓi kuɗinsa a shinge ko a kara ba takarda, ya riƙe ranar, da wurin, da yawan kuɗin, ya faɗa wa wakilinmu ranar kasuwa. Wanda bai iya rubutu ba ɗansa ya rubuta masa, ko da ajami ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.