Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Sababbin Likitoci

Mai girma Shugaban Jami'a, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, malamai, iyayenmu da kuka sha ɗawainiya, da ku 'ya'yana sababbin likitoci, barkanmu da wannan rana.

An ce in yi muku nasiha. Na ga gara in ba ku labarin wani likita ɗan Kwango, Farfesa Jean-Jacques Muyembe.

A 1976, shekara uku da dawowarsa daga karatu a Beljiyam, aka tura shi ƙauyen Yambuku, inda wata cuta ke ta ɗibar mutane a asibitin mishan. Wasu na cewa taifot ce, wasu shawara. Ba safar hannu. Haka ya riƙa ɗiban jinin majinyata, ya wanke hannunsa da sabulu, Allah ya tsare shi. Ya taho Kinshasa da wata sista marar lafiya, aka aika jininta Antwerp, a nan aka ga ƙwayar cutar da muke kira Ebola. Cikin mutum 318 da suka kamu, 280 suka rasu. Shekaru da yawa idan ana ba da tarihin gano cutar, sunayen Turawa ake lissafawa, shi ko a gefe. Abin na ci mini rai har yau.

Amma inda nake so ku saurara shi ne garin Kikwit, 1995. Cutar ta dawo, babu magani. Ya yi tunanin wanda ya warke, ai jininsa na ɗauke da garkuwa. Aka yi wa majinyata takwas ƙarin jinin waɗanda suka tashi, bakwai suka rayu. Manyan masana suka ce takwas ba adadi ba ne, kuma a ƙa'idar bincike suna da hujja. Bai yi zuciya ba, bai kuma saki zancen ba. Daga jinin mutum guda da ya tsira a Kikwit aka fitar da maganin da aka gwada a gabashin Kwango a 2018 da 2019, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 da sunan Ebanga. Shekara 25 ke nan, wasunku ba a ma haife su ba lokacin da ya fara.

Da yawanku za a tura ku ƙauyukan da babu wuta, babu ɗakin gwaji, sai rajistar majinyata da alƙalami. Ku cika rajistar nan da kyau, don Allah. Safar hannu kuwa, ku sa ta.

Magatakarda, bisimilla, a kira su su yi rantsuwa.