Daga Funtua Zuwa Bakin Teku: Legas, Ogun da Abuja a Ajin Firamare



An nemi mu yi magana a kan darasin da yawancinmu muke wucewa da shi cikin gaggawa, wato na jihohi da manyan biranensu. Yara kan rera shi kamar karatun allo, su kawo jihohi 36 ba tuntuɓe, mu kuma mu ba su maki. Kwanan baya muka tambayi 'yan aji shida wace jiha ce mota za ta ratsa dab da shiga Legas. Ajin ya yi tsit, alhali a cikinsu akwai waɗanda yayyensu ke can suna acaba ko dako a kasuwar Mile 12. Laifin namu ne, domin sunaye muka ba su, ba mu ba su ƙasa ba.

Mu fara da ruwa. Kogin Sakkwato a nan kusa da Funtua yake tasowa. Ruwan da ya zuba a gonakin mafarinsa da damina yakan bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya faɗa Kwara, ya wuce Lakwaja, sannan ya rarrabu a yankin Neja Delta ya shiga Tekun Atilantika. Yaron da ya ji wannan ya san cewa teku ba baƙon abu ba ne gare shi. Jihohi takwas ne ke bakin wannan teku: Legas, Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba. Biyun farko za mu tsaya a kansu, domin su ne hanyar mutanenmu.

Legas ita ce mafi ƙanƙantar fili a jihohin Nijeriya, kuma wani sashe mai yawa nata ruwa ne. Abin da ke ba yara mamaki shi ne jiha ɗaya tak take maƙwabtaka da ita. Ogun ta rungume ta daga arewa da gabas, Jamhuriyar Benin tana yamma ta wajen Badagry, teku kuma na kudu. Saboda haka duk tirelar masara ko shanu da ta tashi daga Funtua ko Malumfashi, sai ta taka ƙasar Ogun kafin ta sauke kaya. Ita Ogun, wadda aka ƙirƙira a 1976 da hedikwata a Abeokuta, ɗan bakin tekunta kaɗan ne, can gefen gabas. Amma a cikinta Shagamu take, inda Hausawa fataken goro suka daɗe da kafa Sabo, kamar yadda suka zauna a Agege. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure da suna, da yawansa daga wannan yanki yake fitowa.

Kakanninmu Ikko suke ce wa Legas, daga sunanta na Yarbanci, Eko. Turawan Ingila sun mamaye ta a 1861, fiye da shekara arba'in kafin su shigo Katsina a 1903. Da aka haɗe kudu da arewa a 1914, ita ta zama mazaunin gwamnati. Abin da ya ɗaure mu da ita kuwa auduga ce. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, domin kwasar amfanin gona aka shimfiɗa shi, kuma audugar da aka gurza a nan, tashar jiragen ruwa ta Apapa take nufa, daga can sai masaƙun Ingila. Garin Funtua da muke gani yau, jirgin ƙasa da auduga ne suka raya shi. Tashar tsandauri da aka kafa mana a 'yan shekarun nan, wannan tsohuwar hanya ce ake son farfaɗowa.

To, me ya sa aka bar Ikko? Gari ne da ruwa ya matse, ga cunkoso, ga shi a kusurwar ƙasa, kuma yana ɗauke da gwamnati biyu, ta tarayya da ta jihar da aka kafa a 1967. Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Bayan kwana goma aka kashe shi a kan titin Legas ɗin, Allah ya jiƙansa. An yanko fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara na lokacin, amma gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida.

A nan akwai wani abu da ya kamata kowane ɗan Hausa ya sani, littattafan ajinmu kuma ba su cika faɗa ba. Sunan Abuja aro ne. Bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yi kudu. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka zo gina sabon birni sai aka karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira ɗari ma a Jihar Neja yake. An so a nuna cewa wurin ba na kowa ba ne, amma da mutanensa: Gwarawa da wasu ƙabilu sun daɗe a can, an tashi ƙauyukansu, kuma har yau maganar diyya ba ta mutu ba. A ganinmu, bai dace mu ɓoye wa yara wannan ba. Takardar naira ashirin da ke aljihunsu tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar wannan ƙasa, kuma da ita kaɗai ana iya buɗe darasi.

Wani zai ce albashi bai isa ba, azuzuwa sun cika, ina taswira ta shigo? Gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina wannan fafutuka ba. Sai dai mu tuna da 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumominta. Samari da yawa sun dawo mana hannu rabbana, wasunsu ɗalibanmu ne na jiya, sun tafi ba su san cewa kowace jiha da dokarta ba, ba su san inda ikon wata ya ƙare na wata ya fara ba.

Roƙonmu ga reshe guda biyu ne. A nemi hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta samar da taswirar Nijeriya ɗaya ga kowace makaranta kafin zango mai zuwa. Inda ba a samu ba, mu zana ta a bangon aji da fenti, ko a tsakar makaranta da toka, yara su taka da ƙafa daga Funtua zuwa Zariya, Kaduna, Abuja, har su tsallaka Kwara su isa Shagamu. Sannan kowane shugaban makaranta ya gayyaci direba ɗaya daga tasha, ko bafatake daga cikin iyayen yara, ya zo ya ba 'yan aji biyar da shida labarin hanyar da bakinsa.