Lacca A Kan Kwakwar Attagara



An umurce ni in yi muku magana a kan wani abu na abinci, ni kuwa na zaɓi kwakwa. Na san waɗansu za su ce a ransu, me ya kai mu ga itacen da ba ya yin kirki a ƙasarmu? Dalili shi ne, ko da ya ke ba mu shuka ta, muna cinta ƙwarai. Ga ta a faifan talla, ga ta cikin kunun aya tare da dabino, ga kwakumeti da yara ke so, ga kuma manta a kwalabe ana yawo da shi ana cewa maganin kowace cuta ne. Ku ne mutane ke tambaya, daga malamin asibiti har malamin tsabta, saboda haka ya kamata ku san inda gaskiyar maganar ta tsaya.

Kada a rikita ta da kwakwar da a ke samun manja daga gare ta. Wadda na ke nufi ita ce babbar nan mai gashi da ido uku, wadda mutanenmu na da su ke kira kwakwar Attagara. Attagara kuwa shi ne sunan da Hausawa su ke kiran Idah, garin Attah na Igala, a bakin Kwara, watau sunan da kansa ya nuna ta wajen da ta ɓullo mana. Asalinta ƙasashen gabas ne na bakin teku. Ibn Batuta ya ba da labarinta cikin littafin tafiyarsa tun ƙarni na 14, bayan ya zauna a tsibiran Maldif inda ita da kifi ne abincin mutane. Turawan Fotugal ne suka yaɗa ta a gaɓar Afirka ta Yamma cikin ƙarni na 16. Ƙasashen da suka fi kowa nomanta su ne Indonesiya da Filifin da Indiya, a Nijeriya kuwa Badagiri ta jihar Legas ce ta yi suna. Tana son rairayi da ruwan sama mai yawa da iska mai laima, shi ya sa hunturunmu ba ya yi mata daɗi. Doguwar iri takan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya, kowane ɗa kuma yakan yi wajen wata 12 kafin ya ƙosa.

To, bari mu fasa ta. Abu uku ne a ciki, da farin nama, da ruwa, da man da a ke tatsa daga naman, kowanne da hukuncinsa dabam.

Naman abinci ne mai ƙarfi. An auna an ga giram 100 nasa na ɗauke da kalori wajen 350, watau awon ƙarfin da abinci ke ba jiki, alhali dafaffiyar shinkafa mai nauyin haka ba ta wuce 130 ba. Kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa mai ne. Tuƙar nan da ke saura a baki, wadda waɗansu ke tofarwa, kusan giram 9 ce cikin 100, ita ce kuwa ke sa ciki ya saki, ta kuma hana zaƙi shiga jini da gaggawa. Akwai sinadarin ƙarfe kaɗan a ciki mai taimakon jini. Amma abin da ke gina tsoka ƙanƙane ne, giram 3 da ɗoriya, gyaɗa kuwa ta ninka wannan fiye da sau bakwai. Saboda haka manomi ko ɗan dako ya ci kwakwa ya ji ƙarfi, wannan daidai ne, amma yaron da tamowa ta kama, wake da gyaɗa da ƙwai da nono sun fi masa ita nesa, ga su kuma da araha a ƙofar gida.

Yanzu sai ruwan, a nan ne na ke roƙo ku kasa kunne, gama magana ce ta rai. Ruwan da ke cikin kwakwar da ba ta tsage ba tsabtatacce ne, yana da ɗan zaƙi, yana kashe ƙishirwa, ya kuma fi lemun kwalba alheri ƙwarai. Na ɗanyar kwakwa mai wata 6 ko 7 ya fi yawa, ya fi daɗi. Yana da wani irin gishiri mai yawa da likitoci ke kira fotasiyam, irin wanda ke cikin toka. Amma gishirin miya, wanda shi ne jiki ya fi zubarwa in ana zawo, kaɗan ne a ciki, kuma ba shi da tsayayyen awo, wannan kwakwa da nata, waccan da nata. Saboda haka in yaro na zawo da amai, ko kuwa kwalara ta shigo gari, kada uwa ta dogara ga ruwan kwakwa ta ce ta ba da magani. Abin da ke tsai da rai shi ne garin nan na gishiri da sukari da a ke samu a asibiti, a dama ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. In babu garin, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya, kāna a nufi asibiti. Ruwan kwakwa sai dai ya zama ƙari. Jaririn da bai cika wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Mai ciwon ƙoda ma ya yi hattara, domin ƙodarsa ba ta iya fid da fotasiyam, in kuwa ya taru a jini yakan taɓa bugun zuciya.

Man kwakwa shi ne inda surutu ya fi yawa. Wanda ya taɓa ajiye shi cikin hunturu ya ga yadda ya ke daskarewa ya yi fari kamar kitse, man gyaɗa kuwa na nan a narke. Wannan daskarewa ita ce alamar abin da ke ciki. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa irin kitsen nan ne mai daskarewa. Na man shanu wajen 63 ne, na manja kusan rabi, na man gyaɗa bai kai 20 ba. Yawan cin irin wannan kitse yana ɗaga wani maiƙo na cikin jini da a ke kira kolestarol, wanda kan taru a jijiya har ya toshe hanyar zuciya. Domin haka ne a shekarar 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a bar dogara ga man kwakwa wajen girki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin mutum a yini.

Masu yabonsa suna da hujja, ba kuwa zan ɓoye muku ita ba. Akwai waɗansu ƙananan tsibirai cikin Tekun Fasifik, Tokelau da Fukafuka, inda wani likita na Niyu Zilan, Ian Prior, da abokan aikinsa suka duba mutane, suka buga abin da suka gani a 1981. Sun iske mutanen Tokelau na samun fiye da rabin ƙarfin abincinsu daga kwakwa, ciwon zuciya kuwa bai yawaita a cikinsu ba. Gaskiya ne. Amma fa mutanen nan kwakwar su ke ci da namanta da tuƙarta, mahaɗinta kifi ne, sukari kaɗan, yini kuma su ke yi suna tuƙin jirgin ruwa da hawan itace. Ina wannan, ina malamin da ya yini bisa kujera a ofis, ya ci tuwo da man shanu da tsire, sa'an nan ya ƙara da cokali biyu na man kwakwa wai don ya rage tumbi? Kowane babban cokali kalori wajen 120 ne. Har a tsibiran nan ma, na Tokelau da suka fi cin kwakwa sun fi na Fukafuka yawan kolestarol. Batun cewa yana warkad da ciwon sukari, ko daji, ko ruɗewar tsufa, ba a tabbatar ba, wanda kuwa ya bar maganin likita ya koma gare shi ya sayi wahala da kuɗinsa.

A fata dai ba ni da ta cewa sai yabo. Yana tausasa kaushi da bushewar hunturu, yana rage karyewar gashi, ko da ya ke man kaɗanyarmu ma yana yin wannan aiki.

Saura magana ɗaya, ta malaman tsabta da masu kula da kasuwa. Kwakwa tana da tsabta muddin tana rufe, da an fasa ta sai ta ɗauki halin hannun da ya taɓa ta. 'Yan talla kan yanka ta su tsoma cikin ruwa don ta yi fari, ruwan nan kuwa wani lokaci tun safe ne ba a sake ba, ga ƙuda, ga ƙura, ga hannun kowane mai taya. Ta nan zawo da taifot ke samun hanya. A sa su rufe ta, su riƙa sake ruwa, mai saye kuma ya wanke kafin ya kai baki. Wadda ta yi yauƙi, ko tsami, ko fumfuna, a zubar, kada a ce za a kankare a ba yara. In za ku sayi guda, ku girgiza ta kusa da kunne. Mai kyau tana da nauyi, ana jin motsin ruwa, idanun nan uku kuma a bushe su ke ba laima.

Ranku ya daɗe, iyakar abin da na zo da shi ke nan.