Lissafin Ɓoye Saƙo: Dalilin da Ya Sa Ɗalibi Zai Fara Daga Tushe



Duk lokacin da ɗan kasuwar albasa ya loda mota a Aliero aka turo masa kuɗinsa ta waya daga Legas, ko mai POS a kasuwar Jega ya zura kati a na'ura, ko manomi a Maiyama ya aika wa ɗansa saƙon murya ta WhatsApp, akwai lissafin da ke gudana cikin ƙiftawar ido, wanda ke hana na tsakiya karanta saƙon ko sauya adadin kuɗin. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har waɗanda ba su taɓa yarda da banki ba sun rataya dukiyarsu a wuyan wannan lissafi. Abin da zan kafa wa hujja a yau shi ne, ɗalibin da ke neman wannan fanni a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, wajibi ne ya fara daga tushen ilimin lambobi, ya koyi kafa hujja da kansa, kada ya tsaya ga sarrafa manhajar da wasu suka rubuta.

Darasin farko yakan zo wa ɗalibi da daɗi. Sai a ba shi saƙon da aka musanya kowane harafinsa da wani, a ce ya warware. In saƙon Hausa ne, ba zai daɗe ba zai lura cewa harafin da ya fi yawaita shi ne ke tsaye a madadin "a", daga nan sauran su bi. Wannan dabara ta ƙirga haruffa malamin Bagadaza al-Kindi ne ya bayyana ta a wata risala tun ƙarni na 9. Abin da ɗalibi ke tsinta a nan ya fi warware wasa: yana gani da idonsa cewa ɓoye hanya ba ya tsare saƙo, domin harshe na barin sawunsa. Shi ya sa tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya shimfiɗa ƙa'idar cewa tsari nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda yake aiki, ba zai iya buɗe shi ba sai da mabuɗi.

Daga nan hanya ke fara hawa. Ɗalibi zai shiga lissafin saura, inda abin lura shi ne ragowar rabawa. In yau Juma'a ce, wace rana ce bayan kwana 100? A raba 100 gida 7, saura 2, amsa Lahadi. Sai kuma lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, irin su 53 da 61. Ninka su aikin minti guda ne, a samu 3233. Amma a miƙa wa mutum 3233 a ce ya nemo biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. To a ƙaddara lambar tana da alƙaluma 617, kamar yadda ake amfani da ita yau: duk kwamfutocin da ke duniya ba su kai ga warware irinta ba. A kan wannan tazara tsakanin sauƙin ninkawa da wuyar warwarewa Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin RSA a 1977, shekara guda bayan Diffie da Hellman sun fito da tunanin mabuɗi biyu. Tamkar kwaɗo ne da aka raba wa jama'a a buɗe: kowa na iya datse shi, amma mai mabuɗi kaɗai ke buɗewa.

A wannan gaɓa yawancin ɗalibai ke sarewa, domin malami ba zai karɓi "na gwada ya yi" ba. Zai tambaya: mene ne hujjar cewa kowane saƙo, ba wanda ka gwada kaɗai ba, zai dawo daidai in an buɗe shi? Amsar tana cikin ka'idar da Fermat ya ambata a 1640, wadda Euler ya tabbatar kuma ya faɗaɗa a ƙarni na 18. Ɗalibin da ya saba haddace dabara ya zuba a takardar jarrabawa zai sha wuya a nan, kuma wuyar ita ce karatun. Wanda ya jure ya bi hujjar layi bayan layi yakan fita da ɗabi'ar da babu manhajar da za ta ba shi, wato ƙin amincewa da tsaro sai ya san a kan me ya dogara.

Wani zai ce, yankin da albasarsa ke ruɓewa saboda rashin wurin ajiya, ina ruwansa da ka'idar Fermat? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina buƙatar injiniya da masanin noma. Sai dai ka'idar nan ta zauna sama da shekara 300 ana ganin ba ta da amfanin kasuwa, yau kuwa tana cikin abin da ke gadin kuɗin albasar. Bugu da ƙari, fannin ba ya neman ɗakin gwaji mai tsada. Takarda da fensir da malami mai haƙuri sun isa a fara. Kuma ilimin lambobi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi masu daidaiton jimla a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wani kuma zai ce, ai manhajojin tsaro suna nan kyauta, kuma ɓarayin asusu ba lissafi suke fasawa ba, waya suke bugowa su yaudari mutum ya faɗi lambar sirrinsa ko ta BVN. Wannan gaskiya ne, wayar da kan jama'a wajibi ne. Amma manhaja mai kyau na zama banza a hannun wanda bai san dalilin da ya sa ba a maimaita mabuɗi ba, ko dalilin da ya sa dole a zaɓi lambobin ta hanyar da ba za a iya hasashenta ba. Sannan tsare-tsaren kansu na tsufa. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai isasshen ƙarfi za ta warware RSA, kuma a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ma'aunai don maye gurbinsa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa bankuna da asibitoci da ma'aikatu nauyin tsare bayanan mutane. Wa zai jagoranci sauyin in duk waɗanda muka yaye danna maɓalli kawai suka iya?

Don haka ina kira ga malaman sakandare a Jega da Aliero da Maiyama su riƙa tambayar yaro "me ya sa?" bayan ya ba da amsa. Ina kira ga sassan lissafi da na kwamfuta su koyar da wannan fanni tare, hujja a allo da safe, rubuta manhaja da yamma. Ku kuma ɗalibai, in ka'ida ta gagare ku yau, ku koma mata gobe, domin amanar dukiyar iyayenku ce za a damƙa muku. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.